Kaka Kulu a Kasuwar Bakin Ruwa

"...ya kuma baƙunta, amaryata?"

"Baƙunta ta ƙare, gida zan koma. Kuma ka daina ce mini amarya, na sake ka tun a tashar Makurɗi."

"Yau na ji sabon abu! Mace ce ke sakin miji?"

"A garin da maza ke ɗaura zane? Ai sai abin da ya fi haka."

Gwadabe ya dubi ƙullin kayan da ke gaban kakarsa, amma bai bari dariya ta bar fuskarsa ba. Bai daɗe da dawowa daga yaƙin duniya a ƙasar Bama ba, ya tuɓe kakin soja ya kama fawa, sana'ar gidansu, a nan Fatakwal. Matarsa Ramlatu haihuwa yau ko gobe, cikin fari ne, ga shi mahaifiyarta ta rasu. Shi ya sa ya aika har Kano aka ɗoro masa kakarsa Kulu a jirgin ƙasa don ta yi mata wankan jego. Tsohuwa ta sauka jiya, yau da safe ta ɗaure kayanta ta ce ita sai tasha.

Da ƙyar ya lallaɓa ta ta raka shi kasuwar Creek Road su sayo kayan yajin jego tukuna. Ta yarda, amma ta ɗora ƙullinta a ka, ta ce daga can sai jirgi.

Ba su yi nisa ba ta finciko gefen rigarsa.

"Kai, mijin banza, dubi wancan! Dattijo da furfurarsa, zane har ƙasa, ga malafar Bature, ga sanda yana taƙama. Matarsa ce ta ƙwace masa wando?"

"Attajiri ne, Kaka. Kwale-kwalensa sun fi haƙoran bakinki yawa."

"Ashe ba shi da komai."

"To me kuma aka yi miki?"

"Maƙwabcinka! Ya zo yi mini sannu da zuwa da goro ƙwaya ɗaya tak. Ya ɗaga shi sama, ya yi ta yi masa magana kamar mai ba shi haƙuri. Na yi gyangyaɗi na farka bai gama ba. Da ya fasa, sai ya dangwala a markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai barkono ya miƙo mini!"

"Girmama ki ya yi. A wurinsu ba a yi wa baƙo abin da ya wuce wannan."

"Goro da barkono? In sun ƙi mutum kuma me suke ba shi?"

Suka iso bakin ruwa, inda kasuwar take. Ga hayaniya, ga ƙarnin kifi, ga mata na tsotson ƙananan dodon koɗi suna tofar da ɓawon. Kulu ta tsaya cak, ta nuna kwale-kwalen da ke kwance a kan taɓo.

"Su kuma waɗannan a kan laka suke tuƙi?"

"Ruwan ne ya tafi, an jima zai dawo."

"Ya tafi ina? Unguwa?"

"Kullum haka yake yi, ya tafi ya dawo."

"Ni Kulu! Kogi ma a garin nan gantali yake yi."

Gwadabe ya ga in bai yi da gaske ba tsohuwa za ta kuɓuce masa. Ya gyara hula, ya ce bari ya nuna mata Fatakwal ba komai ba ce.

"Amarya, ke da nan kawai kika gani! Da kin je Indiya fa? Saniya za ta kwanta a tsakiyar titi, motoci su riƙa kewaye ta. A rataya mata furanni a wuya, ta shiga kasuwa ta ci kayan mai tebur, ko tsawa ba zai yi mata ba."

"Mahautan unguwar suna ina?"

"Ni kaina da na ga wani bijimi, tozo kamar tulu, hannuna ya kama ƙaiƙayi. Sai da sajenmu ya riƙe ni."

"Jikan mahauta ya ga sa ya wuce shi! Gara da kakanka bai ga wannan rana ba."

"Kuma a can in mutum zai ce i, sai ya kaɗa kai kamar mai cewa a'a."

"To in zai ce a'a fa? Ƙugu yake kaɗawa?"

"A Bama kuwa giwa ce lebura, da hanci take ɗaukar gungume. Na ga mutanen da ke cin shinkafa da tsinke biyu."

"Ƙwaya-ƙwaya? Ai sai azumi ya zagayo ba su ƙoshi ba!"

"Hafsanmu Bature kuma ya fyace majina a farin ƙyalle, ya naɗe, ya sa a aljihu."

"Ajiya yake yi wa magada?" Kulu ta tuntsire da dariya har ƙullin kanta ya karkace. Ta share hawaye da bakin gyale. "Wallahi sauron Bama a ƙwaƙwalwa ya cije ka. Amma ka ƙara tabbatar mini, daga Kano sai daji. Mu sayi yajin ka kai ni tasha."

Gwadabe ya sassauta murya. "Kaka, Ramlatu ba ta da kowa a garin nan sai ke."

Tsohuwa ta kau da kai, ta ce, "Tana da Allah." Amma ba ta ƙara da wata baƙar magana ba.

Suka tsaya a rumfar Mama Ugochi, wata ƙatuwar mace 'yar ƙabilar Ibo da ke sayar da kayan ƙamshi, wadda ta saba sayen nama wurin Gwadabe. Kulu ta sunkuya, ta ɗauki wani baƙin abu, ta sunsuna.

"Kimba! Ga masoro ma! Kai, tambaye ta me suke yi da kimba a nan."

Ya tambaya da Turancin buroka. Mama Ugochi ta miƙe, ta shafa ciki, ta yi kamar tana jijjiga jariri, ta yi kamar tana matse tsumma tana dannawa, bakinta bai tsaya ba.

"Ta ce in mace ta haihu, uwarta ke tarewa a gidan wata da watanni. Ta gasa mata jiki da ruwan zafi, ta dafa mata farfesun busasshen kifi da doya da kimba."

"Kai! Jego ke nan fa! Wa ya koya musu?"

"Ita ma tambayar da ta yi ke nan, wai wa ya koya muku."

"Gaya mata mu har da kunun kanwa, har da gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa mai jego ta kwanta."

Da ya fassara, Mama Ugochi ta dafe ƙirji. "Chineke!" Ta ƙwala wa maƙwabtanta kira, kafin ka ce me mata sun kewaye Kulu suna kallo.

"Me suke cewa?"

"Wai banda za ki yi da yarinyar, kamar kifi? Waccan kuma tana tambaya me ya sami haƙoranki suka yi ja."

"Ado ne! Fure da goro! Yau ni ce abin kallo?"

"Ke ce, amarya. Sun ce ba su taɓa ganin irinki ba."

Mama Ugochi ta nuna ƙullin da ke kan tsohuwa, ta yi tambaya. Gwadabe ya gaya mata gaskiya, ba tare da ya rage komai ba. Matar ta bugi ƙirjinta ta yi magana mai tsawo.

"Me kuma ta ce?"

"Ta ce Allah ya kiyaye hanya. Ita za ta zo ta kula da Ramlatu, ba za a bar marainiya ita kaɗai ba." Wannan gaskiya ce. Sauran kuwa daga bakinsa ya ƙaro. "Ta ce ita za ta goya jaririn, in ya yi wayo ta koya masa tsotson dodon koɗi, ta ɗaura masa zane."

Ƙullin kaya ya dira a ƙasa, tim!

"Tattaɓa-kunnen nawa? Ina raye, ina numfashi? Gaya mata na gode, 'yar halas ce, amma gidan yana da tsohuwa! Ta auno kimba da masoro, ta cika. Kuma in an sauka lafiya ta zo ta ga yadda ake dama kunun kanwa, ta taho da farfesun nata in ɗanɗana, in ji ko ya kai yadda take cika baki."

Mama Ugochi ba ta jira fassara ba. Ta rungume Kulu har ƙafafunta suka bar ƙasa, matan kasuwa suka ɗauki shewa.

"Sauke ni! Kai, soja, kana tsaye za a karya maka mata?"

Gwadabe dai dariya ta hana shi magana. Kulu ta gyara ɗankwali tana haki, ta harare shi, sai ita ma dariyar ta ƙwace mata. Ta tsuguna ta kwance bakin ƙullinta, ta zaro curin dakuwa a cikin ganye, ta gutsura wa Mama Ugochi, ta danƙa masa sauran.

"Ungo guzurin jirgina, ɗan nema, ka ci ni da yaƙi. Ɗauki kayan mu tafi gida, na bar yarinya ita kaɗai."