Ranar da Hadari Ya Ɗauki Tire

In ana lissafa masu kyauta na wannan zamani, rashin ladabi ne a fara da wani kafin mai gidan abincin nan na bakin titinmu. Shi da kansa ya sha faɗin haka, kuma ba a taɓa samun wanda ya musa masa a gabansa ba. Gajere ne mai tumbi, ba ya rabuwa da kwat ko da rana na narkar da kwalta. Sunan da ya raɗa wa kansa shi ne Ruwan Alheri. Ma'aikatansa kuwa, saboda tsananin ƙauna, Hadari suke ce masa: yakan haɗo, ya yi duhu, ya yi tsawa, sannan iska ta kwashe shi babu ko ɗigo.

Wanda bai ga Hadari yana ba da tukwici ba an bar shi a baya. A shagon aski, in an gama gyara masa 'yan gashin da suka rage, sai ya miƙe ya jira kowa ya juyo. Ya yi gyaran murya. Ya zura hannu a aljihu sannu a hankali. Hannun ya daɗe a ciki har mai askin ya fara tunanin takalmin da zai saya wa 'yarsa. Can sai hannun ya fito da ɗan kati mai hoton Hadari yana murmushi.

"Riƙe wannan, abokina," in ji shi. "Kuɗi ƙarewa suke yi. Amma a ce ka san ni, wannan jari ne na har abada."

Mai askin ya tara katunan nan gwangwani guda. Da su yake share kumfa daga reza, ya kuma ce suna da kauri daidai.

Mai wankin mota nasiha yake samu, doguwa, a tsaye cikin rana. Matar Hadari ma ba a bar ta a baya ba. Duk ranar da girkinta ya yi daɗi yakan tafa mata, ya sa yara su taya shi.

A gidan abincinsa ne hikimar ta fi bayyana. Abin da yake ba masu kai abinci a ƙarshen wata, kuɗin mota ma yakan yi masa dariya. Wata rana Dogo, babbansu, magidanci mai 'ya'ya a makaranta, ya je ofis ya roƙi a yanka musu albashin da mutum zai iya faɗa wa matarsa ba tare da sunkuyar da kai ba. Hadari ya ji tausayinsa ƙwarai, har ya sa aka tara kowa a kicin don a amfana da amsar.

"'Ya'yana, albashi shi ke kashe zuciyar ɗan Adam. In mutum ya san za a ba shi, me zai sa ya yi fara'a? Ni 'yan kasuwa nake so ku zama. Kowane tebur a gidan nan shago ne na ba ku, ban karɓi haya ba. Baƙo ya zo, ku yi masa murmushi, ya buɗe aljihu. Wace gata ta fi wannan?"

Don kada su yi asara, ya buɗe musu darasin murmushi kowace safiya, shi ne malami. Ya kuma sayo akwatin tukwici mai kwaɗo ya girke a bakin ƙofa, ya riƙe makullin saboda tsaro. In an buɗe, yakan cire ladan koyarwa, tunda murmushin da ya jawo kuɗin shi ya koyar da shi. Yakan cire na takalmansu da ke cinye masa tayil. Abin da ya rage ya raba musu da hannu biyu, ana ɗaukar hoto.

Ana nan sai wani babban kamfani ya bugo waya. Suna so su zo cin abincin rana da ma'aikatansu, in sun ji daɗi su ba gidan kwangilar ciyar da su kullum. Hadari ya yi mako yana shiri. Ya sa aka wanke labule, ya ninka darasin murmushi, ya rubuta jawabi a kan karamci.

Abin da bai lura da shi ba, wani sabon gidan abinci ya buɗe a tsallaken titi, mai wata baƙuwar ɗabi'a ta biyan mutane albashi. Da safen ranar Dogo ya shigo ofis, ya gaishe shi da ladabi, ya ninke rigar aiki ya ajiye a kan tebur. Ya ce sun gode da shagunan da aka ba su, amma kasuwa ta ƙi, za su koma aikin albashi ko da zuciyarsu za ta mutu. Sauran suka bi shi a layi suka tsallaka titi, duk suna murmushi yadda aka koya musu.

Inna mai girki ce kaɗai ta tsaya, ita ma ta bayyana cewa babbar tukunyar da ke kan wuta tata ce ta gida, tana jira a kwashe abincin ta tafi da abarta.

Motocin kamfani suka fara tsayawa a waje. Hadari ya dubi tukunya, ya dubi ƙofa. Ya tuɓe kwat, abin da ko likitansa bai taɓa gani ba, ya zura rigar Dogo. Ta sauko masa har idon sawu.

Abin a yaba ne yadda ya yi aiki. Ya kai shinkafa inda aka nemi dankali. Ya zuba wa wani akawu miya a hannun riga, ya ba shi haƙuri da cewa launin ya dace da shi. Wannan ya ƙyasta masa yatsa, wancan ya ce "kai, kawo ruwa", wata ta tambaye shi ko kurma ne. Ya taka gefen rigar ya zube da tire cike da kofuna, ya tashi yana murmushi har muƙamuƙinsa ya ƙage. Inna ta ce ta hango shi ta taga, duk baƙon da ya kai hannu aljihu sai Hadari ya tsaya cak a gefensa, numfashi a ɗauke, sai mutumin ya ciro waya.

Da aka gama, shugabar kamfanin ta yafito shi gefe. Ba ta taɓa ganin mai gidan ba, ta waya kawai suka yi magana. Ta ce abinci ya yi daɗi, amma ba za su ba da kwangila ga mutumin da ya bar dattijo guda yana hidimar ɗaki cike da jama'a ba. Ta dunƙula masa wani abu a hannu.

"Baba, ɓoye wannan kada maigidanku ya gani. Na ji an ce har tukwicinku yake ci. Da gaske ne?"

Hadari ya buɗe baki. Jawabin karamci na nan a aljihun kwat. Ya ji ɗumin takardar kuɗin a tafin hannunsa.

"Ranki ya daɗe," ya ce da ƙaramar murya, "ai abin da kika ji kaɗan ne. Mutumin ba shi da imani."

Da yamma ya isa gida yana ɗingishi, ya tsoma ƙafafu a robar ruwan ɗumi. Ya warware abin da aka ba shi, ya juya shi gaba da baya, ransa ya ɓaci. Ya ce wa matarsa mutanen yanzu babu tausayi, bawan Allah ya wuni a tsaye, ya sha zagi, ya faɗi ƙasa, a sallame shi da abin da ba zai sayi man zafi ba. Ya ce wannan zalunci ba zai ci gaba ba yana raye.

Washegari ya kafa Ƙungiyar Kare Haƙƙin Masu Kai Abinci, aka zaɓe shi shugaba ba hamayya, kasancewar shi kaɗai ya rage a gidan abincin. Ƙungiyar ta nemi zama na gaggawa da maigidan kan batun albashi. Maigidan ya aiko cewa ba ya gari.