Yadda Za Ka Rufe Bakin Bangon Da Ke Tona Maka Asiri

Kai ɗan kwangila, kwantar da hankalinka. Tunda aka fara kwaso ma'aikata daga Ikko zuwa Abuja, an shigo da wani fenti magulmaci. Fari ne tas, amma duk inda ginshiƙi ya fara gajiya da nauyi, sai wurin ya koma ja, wai don a gyara kafin gini ya rufto. Bi matakan da wani ɗan kwangila, Wakili, ya bi a Garki, na yi maka alkawari za a karɓi gininka har da tafi.

1. Kada ka yi musu da injiniya

Injiniya Clara ce ta kawo fentin, ta ce a shafa wa benen ma'aikatan da Wakili ya gina. Wakili ya san simintin da ya zuba, ya kuma san yashin da ya rufa masa asiri. Bai ja ba. Ya ce, "Madam, ai ci gaba ne." Kai ma haka za ka ce, don mai musu ake fara bincika.

2. Idan ja ya fito, ɗora wa goro

Ba a jima ba ginshiƙin ƙasa ya yi jawur. Wakili ya ce leburori ne suka tofa goro. Clara ta ɗaga kai ta dubi tabon, wanda ya fi ta tsawo, ta ce, "Oga Wakili, wannan goro ta hau sama sosai fa."

Goro ba ya aiki sau biyu.

3. Yi haƙuri, za a aike ta

Lokacin ƙaura ne, kowa yana kan hanya. Aka tura Clara Ikko ta rako kayan ofishinsu. Wakili har tasha ya kai ta, ya saya mata lemo.

4. Fente komai ja

Ya sayo jan fenti na kasuwa, wanda bai iya gulma ba, ya bi benen daga sama har ƙasa. Masana sun tabbatar ja ba ya fitowa a cikin ja.

5. Karɓi yabo da hannu biyu

Oga George, daraktan da ya zo karɓar ginin, ya zagaya yana gyaɗa kai. "Wakili, ka yi try," in ji shi. "Muna so contractor ya zauna kusa saboda gyara. Ga key na flat ɗin ƙasa."

Oga George ya miƙa makullin a gaban matar Wakili. Ta rangaɗa guɗa, kuma ba a mayar da guɗa.

6. Tare a gidan

Iyalan Ikko suka cika saman da firji da manyan kujeru. Gadon 'yar autar Wakili ya jingina da wancan ginshiƙin, don nan ne kawai ya shiga. Wakili ya kankare fentin da cokali ya ga ko jan ya ƙaru, sai cokalin ya ɗebo fentin biyu tare. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kuma bangon da zai faɗa masa gaskiya shi da kansa ya rufe masa baki.

A kula

Mai wannan shawara ba injiniya ba ne, gidan ƙasa yake zaune, kuma babu ruwansa da abin da zai faɗo. Alkawarin karɓar gini ya yi, an kuwa karɓa. Mai sauran tambaya ya nemi Wakili. Yana gindin mangwaron tsallaken titi da 'ya'yansa duk lokacin da na sama suka fara dakan sakwara.