Yadda Za Ka Ceci Kokon Matarka Daga Binciken ’Yarka

Wannan darasi na kowane uba ne da ya tura ’yarsa jami’a don ta dawo likita, sai ta dawo da ƙananan kwalabe. In ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari cikin kwana tara za ka ga sakamako. Ni na gani. Hawan jinina bai sauka ba har yau, amma na gani.

Ka tanadi abu uku. Mata mai sayar da koko: tawa Damata ce, shekara ashirin da biyu tana dama shi a bakin titin Nima, inda trotro, ƙananan motocin haya masu zuwa unguwar Madina, ke tsayawa, kuma da shi muke ci, da shi ake karatu a gidanmu. ’Ya mai karatun kimiyyar halittu a jami’ar Legon: tawa Zelia ce, tana shekarar ƙarshe. Sai baki wanda ba ya riƙe magana. Wannan naka ma zai wadatar.

Mataki na 1: Kada ka tambayi ’yarka abin da take bincike

Za ka ga tana ɗibar ruwan tsamin da ke kwanciya a saman kullun uwarta, tana zubawa a kwalabe, tana manna musu lamba. Ka kawar da kai. Uba mai hankali ba ya tambayar abin da amsarsa za ta hana shi karin kumallo.

Ni na tambaya.

“Baba, aikin kammala karatuna ne,” in ji ta. “Yanzu masana a ƙasashe da yawa sun koma binciken abincin da ake bari ya yi tsami. Ina so in san waɗanne halittu ne ke cikin kokon Mma.”

Na ce, “Wace halitta? Gero ne da citta da barkono da kanumfari. Ni nake kai niƙa in uwarki ta gaji.”

“Masu rai ne, Baba, ido ne ba ya ganinsu. A cokali ɗaya sun fi mutanen Nima da Maamobi a haɗe.”

Lokacin kofi na biyu ne a hannuna.

Mataki na 2: In ta ce ka zo ka gani, ka ce gwiwarka na ciwo

In ka kasa, to ka sa babbar riga ka bi ta Legon. Za ta zaunar da kai gaban madubin likita, ta ce ka rufe ido ɗaya. Za ka ga wasu ’yan sanduna birjik, wasu a jere kamar masu jiran famfo ranar da ruwa ya dawo.

Ka tambaye ta ko ana yanka su kafin a ci. Za ta yi dariya har malaminta ya leƙo. Daga nan za ta yi maka dogon bayani a kan aikin da halittun ke yi a cikin kullu. Wannan bayanin shi ne mafi muhimmanci a duk darasin nan, don haka kada ka saurara. Ka shagala da tunanin iyalai nawa ka haɗiye tun shekarar da ka yi aure.

Mataki na 3: Ka riƙe sirri

Hanyar riƙe sirri ita ce ka faɗa wa mutum ɗaya tak, don ya taya ka riƙewa. Ka zaɓi amintacce. Ni na zaɓi Issah wanzami, a kan bencin ƙofar masallaci bayan la’asar. Ban faɗa da mugunta ba. So nake a san ’yata tana ganin abin da ko liman ba ya gani.

Ka lura da yadda ilimi ke ƙaruwa in ya yi tafiya. A kan bencin, sanduna ne. Kafin magariba, a Maamobi, sun yi ƙafafu. Washegari wani ɗan’uwana ya zo daga Kokomlemle yana tambaya ko gaskiya ne suna da idanu, kuma suna kallon mai sha.

Safiyar nan layin Damata, wanda ke kaiwa har kiyos, wato ɗan shagon mai burodi, ya koma mutum uku. Sauran sun tsallaka titi wurin Sala, wadda shekara shida tana dama koko ba ta taɓa ganin layi ba. Cikin ukun har da Ishawu direban trotro, wanda ya miƙa kofinsa ya ce, “Mma Damata, a zuba min, amma don Allah a tace min mutanen.”

Mataki na 4: Ka yi mamaki tare da kowa

Matarka za ta dawo da rabin tukunya, ta ajiye, ta dube ka.

“Baban Zelia, wa ya kai maganar nan waje?”

Ka girgiza kai. Ka ce mutanen yanzu ba su da tsoron Allah. In kana da carbi, ka ja shi da sauri.

“Issah ya ce a gaishe ka,” in ji ta. “Ya ce ya manta, ƙafa shida ka ce ko takwas?”

A nan ka tashi ka tafi neman takalminka, ko da yana ƙafarka.

Mataki na 5: Ka gyara ɓarnar da kanka, ba tare da shawarar kowa ba

Wannan shi ne matakin maza. Ka jira ranar da matarka za ta tafi suna a unguwar Malam. A bayan ɗaki akwai tsohuwar randa da ake zuba kullu ya kwana, baƙa ƙirin, wadda ba ka taɓa ganin an sa mata sabulu ba. Kusa da ita akwai ƙaramar ƙwarya a rufe, da ragowar ruwan tsamin jiya. Ka yi amfani da hankalinka: randar ita ce gidansu, ƙwaryar kuwa makarantar ’ya’yansu.

Ka mirgino randar har ƙofar gida da rana tsaka, don aikin alheri irin wannan yana buƙatar shaidu. Omo, soso, tafasasshen ruwa, sau uku. Ruwan ƙwaryar ka watsa shi a kwata. Ka kira Issah ya leƙa ciki, tun da shi ne gidan rediyon unguwa.

“Malam Gariba, duk sun mutu?”

Ka ce, “Ko jariri bai tsira ba. Je ka faɗa.”

Mataki na 6: Ka karɓi godiya

Damata ta dawo da yamma da kayan sunanta a jiki. Ta ga randar tana ƙyalli. Ta ɗaga murfin ƙwarya. Sai ta zauna a ƙasa da sabon zaninta.

“Ina ruwan jiya?”

“Na zubar. Na kashe miki su duka.”

“Ruwan nan uwata ta sauko da shi daga Salaga a kwalbar magani. Kullum na jiya ake zubawa a na yau. Shekara arba’in ba a yanke shi ba, har ranar da aka binne ta sai da na zuba. Kai kuma yini ɗaya na bar ka.”

Ba ta yi ihu ba. Ka yi addu’a taka ta yi ihu. Ya fi sauƙi.

Washegari layi ya dawo har ya wuce kiyos, domin Issah ya yi aikinsa. Ina tsaye a gefe ina amsa gaisuwa. Ishawu ya kurɓa, ya tsaya, ya leƙa kofin.

“Ei, Mma! Wannan koko ne ko ruwan ɗaurayar tukunya? Babu tsami kwata-kwata.”

Kwana biyu aka yi haka. Rana ta uku har mutum ukun nan masu amana suka tsallaka wurin Sala.

Mataki na 7: Ka nemi lungu ka zauna

Ranar Asabar Zelia ta sauko daga trotro rungume da fulas cike da ƙanƙara. Ta ji labari, ta dube ni.

“Baba, ai na gaya maka su ke kawo tsamin, su ke hana miyagun shiga.”

“Yaushe?”

“A Legon, kana kan kujera. Ka ce ‘na’am’ sau huɗu.”

Ta fito da kwalba mai lamba goma sha huɗu, wadda ta kwana shida a firjin makaranta. Damata ta buɗe, ta shinshina, ta rufe ido.

“Na ranar da geron Bawku ya zo ne,” in ji ta. Ta juye shi a sabon kullu, ta yi bismilla, ta rufe randar da zaninta.

Ranar Litinin ta tsaya a bakin titi da ludayi, ta ɗaga murya yadda na wurin Sala za su ji.

“E, akwai halittu! Na uwata ne, ’yata ta gan su. Kun sha wanda babu su, kun tofar. Mai son koko da mutanensa ya zo, mai son ruwan zafi ga mijina nan, shi ne gwani.”

Ishawu ne ya fara tsallakowa. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska irin ta jin daɗi. “Sun dawo! Mma, a cika min su paa, da yawa, daga ƙasa inda manyan suke.”

Zelia ta matso ta rage murya. “Mma, ai kokon Sala ma akwai su.”

“Ki rubuta wannan a takardarki ta Legon, da Turanci. A Nima ba wanda ya tambaye ki.”

Mataki na 8: Ka amshi sabon matsayinka

Za a ja layi da gawayi taku uku daga randar. Kada ka tsallaka shi, ko buta kake nema.

Amma ga sakamakon da na yi maka alkawari. A littafin binciken Zelia, shafi na talatin da ɗaya, akwai bayanin abin da ke faruwa da koko in aka hallaka halittunsa gaba ɗaya. Malaminta ya ce shi ne sashen da ya fi kyau, ya tambayi wa ya yi gwajin. Sunana yana nan a ƙasa. Na kai wa Issah ya gani, kuma na ce ya riƙe sirri.

Gargaɗi: Mai wannan rubutu ba shi da alhakin duk randar da aka wanke, ko layin da ya tsallaka titi, ko kwanakin da za a miƙo maka abinci ba tare da an dube ka ba. Hanyar tana aiki ne kawai ga wanda ’yarsa ta riga ta ajiye kwalba a firji. In taka lauya take karanta, ka bar randar mutane yadda ka same ta.