Wakilin Huhun Alhaji Sulley

Daga Bawku har Salaga ba a taɓa yin babban mutum irin Alhaji Sulley ba, shugaban dillalan shanu, wanda 'yan zango ke kira Alhaji Na-Aika. Girmansa ya kai inda ba ya zuwa ko'ina da ƙafarsa. Ana suna a Yendi, ya aika wakili. An yi rasuwa a Bawku, ya aika wakili. Ko gaisuwar surukai, direbansa Mudasiru ne ke durƙusa masa.

Abu ɗaya ne bai san darajar Alhaji ba, wato ciwon ƙirji. Shekara tara yana numfashi kamar tsohuwar lorin doya a kan tudu. Likitan wani asibiti a Salaga ya ce duk wata uku ya zo a ɗauki hoton huhunsa, ba allura ba yanka, a gwada da na baya, a san ko a ƙara magani ko a rage, ya koma gidansa.

Alhaji ya je sau ɗaya. Aka zaunar da shi a benci kusa da mai koko. Aka sa ya tuɓe riguna uku. Sannan aka ce ya riƙe numfashi.

"Ni?" in ji shi a mota. "Ni da nake tsayar da shanu ɗari biyu a Yendi da waya ɗaya? A ce mini riƙe, a ce mini saki?"

Da wata uku ya cika, ya miƙa wa Mudasiru katinsa. "Je ka tsaya mini. Ka buɗe ƙirji da kyau, sunana ne a kai."

Mai ɗaukar hoton sabuwa ce, Asiatu, ba ta daɗe da gama makaranta ba, ba ta san fuskar kowa ba. Ta kira Alhaji Sulley, Mudasiru ya amsa, ya riƙe numfashi har sai da ta roƙe shi ya saki. Likita ya jera hoton da na baya, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya rage magani. Zuwa na biyu ya ƙara ragewa.

Alhaji ya sa hoton a gilashi ya rataya a falo. "Ku duba haƙarƙari," yake ce wa baƙi. "Huhun manya daban ne."

Wuri ɗaya ne Alhaji ba ya aika wakili: inda aka kafa lasifika. Ranar taron dillalai ya miƙe cikin babbar riga. "Ni da likitoci suka yi mamakin..." Nan iska ta ƙare. Ya buɗe baki, ba abin da ke fita sai fito.

Mutum huɗu suka shigar da shi asibiti. Asiatu ta dubi katin, ta dubi mara lafiya, ta dubi Mudasiru da ke riƙe da takalmansa. "To wannan wane ne?"

"Mai huhun ne," in ji Mudasiru.

Ta ɗora wa Alhaji robar iska a hanci. Mudasiru, bawan Allah mai biyayya, ya ajiye takalma, ya matso, ya miƙa hannu.

"Maigida, kawo in shaƙa maka."

Alhaji ya damƙe robar nan da hannu biyu.