Yaƙin Dayyabu da Tambayar Ruwan Sama

A saurara a ji labarin Dayyabu ɗan Mamuda, jikan Ilu Mai Tabarau wanda ya riƙe jarida a kife bai fasa sharhi ba. Dayyabu Sadaukin Aji Biyar, dodon takarda, gagarau mai shanye biro, wanda bai taɓa rubuta "ruwa" ba muddin "ni'imar samaniya" na kusa.

Ranar jarrabawar labarin ƙasa ya shigo fage da rantsuwar mahaifinsa a wuya: in ya sake faɗuwa, sai shagon facin taya. Malama Tasalla ta rubuta a allo, "Bayyana yadda ruwan sama ke samuwa."

"Yau ake yin ta!" in ji Dayyabu, ya zare biro daga kube.

Ya buɗe da hamdala, ya jinjina wa hukumar makaranta bisa hikimarta da basirarta, ya yi wa gajimare kirari har zuriyarsa, ya auka wa fari da tsinuwa mai balaga da fasaha, ya tsaya ya yi ta'aziyyar dukan geron da ya taɓa bushewa daga gabas zuwa yamma.

"Malama, ƙarin takarda!"

Aji ya girgiza. Aka kawo, ya murƙushe ta da rubutu, ya nemi wata. Bironsa ya yi shahada a tsakiyar "alal haƙiƙa", ya fizgi na Sahura maƙwabciyarsa, wadda tuni ta rubuta cewa rana na dumama ruwa, tururi ya tashi, ya yi sanyi, ya zubo, ta kifa kai tana gyangyaɗi. Dayyabu ya dubi guntun rubutunta, tausayi ya kama shi.

Ya rangaɗa "Amma ba'adu, shi dai ruwan sama" ke nan Malama ta ce, "A ajiye biro!" Ya miƙa ganimarsa da hannu biyu.

Sakamako ya fito, Sahura a sama, Sadauki da sifili. Tun kafin la'asar Mamuda ya sayo masa famfon iska. Dayyabu ya garzaya ofis neman adalci.

"Wallahi na ji daɗin karatun nan," in ji Malama. "Maigidana ma har ƙwalla ya yi wajen geron."

"To ina makina, Malama?"

"Makin me, Dayyabu? Ai ba ka fara ba."