Yadda Za Ka Sa Aji Guda Rubutu da Duniyar Cikin Kwamfuta, Ko da Sanƙonka Ne Zai Sha Wahala

Malam, zauna, na san damuwarka. Ka ce a rubuto shafi ɗaya, an kawo maka suna da kwanan wata da layi biyu, na biyun ma "Na gode" ne. To, kwantar da hankalinka. Ga hanya mai mataki shida, kuma na ba ka tabbaci, cikin sati biyu da bakinka za ka roƙe su su tsagaita.

Na ga aikinta a kan abokin aikina, malamin insha'i da yara ke kira Jan Biro. Shugabar makaranta ce ta kira shi ofis, ta ce sufeto na zuwa Alhamis ta sama, in ya nemi rubutun aji biyu ya tarar fayau kamar bara, za ta karɓe ajin ta damƙa masa ƙararrawa da makullin ƙofa. Mutumin da ya shekara ashirin da biyu riƙe da alli! Ya fito ya nufi ɗakin kwamfuta.

1. Ka samo duniyar da ba komai a cikinta

Je ɗakin kwamfuta, ka lallaɓa guda taran da ke aiki, ka buɗe irin manhajar nan da ake shiga a yi yawo kamar a gari. Kada ka gina komai. Fili fetal, ba itace, ba inuwa. Kowane ɗalibi ka ba shi mutum-mutuminsa, fari fat, ko fuska babu. Doka ɗaya ce: abin da mutum ya rubuta shi zai bayyana, wanda bai rubuta ba babu shi. Masana sun tabbatar cewa yaro ba ya ƙin rubutu, rashin abin nema ne ke kashe masa hannu. Ni ne masanan.

2. Kada ka tausaya wa mai taƙaitawa

Na-Baya, ɗalibin Jan Biro wanda ya shekara biyu a bencin ƙarshe yana barci ido buɗe, ya rubuta "babur". Babur ya faɗo gabansa ba taya, ba wurin zama. Ya ɗaga hannu ya ce na'ura ta lalace. Jan Biro ya leƙa, ya ce shi dai bai ga inda aka rubuta taya ba. Yaro ya rubuta taya, ta fito guda ɗaya, girman murfin kwalba. Kafin a tashi ya cika rabin shafi a kan babur ɗin nan, har da launin madubi, yana huci. Wata kuma ta rubuta gida mai hawa uku ta manta ƙofa, ta yi darasi biyu a ciki tana roƙon a zo a fito da ita. Kada ka je.

3. Ka yi ta nanata maganar siffantawa

Tsaya gaban allo ka ce a dubi abu da kyau, a faɗi girmansa da launinsa da tafiyarsa, kada a rage ko ƙwayar zarra. Jan Biro ya faɗi haka ya fi sau arba'in, yana buga tebur. Riƙe wannan mataki da kyau, domin kanka zai dawo.

4. Ka shiga duniyar, ka manta ba ka kulle naka mutum-mutumin ba

Akwai ɗan maɓallin da ke hana ɗalibai taɓa na malami. Kada ka danna. Jan Biro ma bai danna ba, don bai san da shi ba. Ranar Litinin ya shigo ya tarar da aji tsit, ba ka jin komai sai ƙarar yatsu a kan madannai kamar ruwa a rufin kwano. Daɗi ya kama shi har ya ji ƙwalla. Ya zauna ya buɗe tasa na'urar, sai ga wani mutum a tsakiyar fili: sanƙo na sheƙi har tsuntsaye na sauka duba fuskarsu, jan biro a bayan kunne, wando ya gaji ya tsaya tun bai kai idon sawu ba, duk taku uku sai ya yi gyaran murya. Na-Baya shi kaɗai ya yi shafi huɗu a kan sanƙon. Ya raba shi gabas da yamma, ya bayyana yadda yake da safe da yadda yake komawa in rana ta take.

5. Ka haɗiye

A nan malamai da yawa ke faɗuwa. Jan Biro ya miƙe ya kama filogi zai zare. Sai ya tuna saura kwana uku, ga shafi casa'in a hannu, kuma kaf a kansa aka yi su. In ya goge, ƙararrawa. In ya bari, sufeto zai karanta kansa gabas da yamma. Ya saki filogin, ya sa aka buga takardun, ya zaro biron bayan kunne ya zauna gyara. A gefen aikin Na-Baya ya rubuta: "Ka manta tabon da ke ƙeya. Ka ƙara dubawa." Zuciyarsa na ƙuna, amma gaskiya ce, yaron ya manta.

6. Ranar sufeto, ka tsaya a ƙarshen layi

Sufeto ya yi awa biyu a ofis da takardun, ana jiyo dariyarsa har baranda. Bai taɓa ganin Jan Biro ba. Da ya fito, ga malamai sha ɗaya a jere, uku daga ciki masu sanƙo, ya wuce su ɗaya bayan ɗaya ya tsaya gaban mutuminmu. Shugaba ta buɗe baki za ta gabatar, ya ɗaga mata hannu. Ba kan ya kalla ba, hannun riga ya kalla. Sai ya zaro takardar Shiru-Shiru, yarinyar da tun shigowarta makarantar ba ta taɓa cika layi ba, ya karanta:

"Malam yana naɗe hannun rigarsa na hagu sau biyu don kada mu ga inda ya yage. In zai ba mutum sifili, sai ya daɗe yana kallon taga. Na rubuta masa sabuwar riga shuɗiya mai aljihun biro, amma ban san yadda ake fito da ita daga kwamfuta ba."

Ba wanda ya yi dariya. Jan Biro ya sa hannu ya rufe naɗin.

"Malama," in ji sufeto, "wannan bawan Allah kada a raba shi da ajinsa."

Ƙararrawa ta ci gaba da zama a hannun maigadi.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba ruwansa da duk abin da ɗalibanka za su gano a kanka, ko a tafiyarka, ko a hannun rigarka. Kai ka ce su duba da kyau. In abin ya yi maka zafi, kada ka biyo ni ofishin malamai. In kuma ka matsa ka zo, kada ka tambaye ni labarin shuɗiyar rigar da ke jikina. Ni na je wurin tela da ƙafata, na karanta masa siffarta daga takarda. Kuma don Allah ka daina leƙen ƙeyata.