Farantin Sarki a Ɗakin Shara

Har in koma ga Mahaliccina ba zan taɓa mantawa da satina na biyu a gidan wata tsohuwar Baturiya a Manhattan ba. Aikin kula da tsofaffi ne, wata huɗu ina nemansa. Kullum na shiga jirgin ƙasa daga Parkchester addu'a nake yi, kada in yi abin da za a sallame ni.

A falonta akwai kabad cike da farantai farare masu zanen shuɗi, duk bakinsu ya ɓaɓɓalle. Ni da na tashi a Kano, inda jeren mace shi ne mutuncinta, sai tausayi ya kama ni. Ɗaya ya fi ba ni haushi: an zana wani mutum da kambi, idanu kamar na kifi (wallahi autata ta fi mai zanen iyawa). Tana barcin rana na sauka da shi ɗakin shara, na maye gurbinsa da sabon tangaran mai bakin zinare da na sayo mata. Har ina yaba kaina.

Tana farkawa ta ce, "Ina sarkina?"

Da murmushina na nuna mata sabon. Ta dafe ƙirji. Wai wanda na zubar na ƙasar Ingila ne, farin nan shafen kuza ne, ya haura shekara ɗari uku, kuma shi mijinta ya fara saya mata. Ɓallewar bakin ma, wai haka irinsu suke.

Ban jira lif ba. Hawa tara na sauka da safa, ina salati. Na tarar da mai kula da ginin, wani dattijo ɗan Kumasi, yana cin shinkafa da wake a fuskar sarkin.

"Baba, don Allah kada ka motsa cokalin nan!"

"Hajiya, bari in gama mana. Saura kaɗan."

Haka na hau da sarki yana naso da mai, na durƙusa na faɗi gaskiya. Har na fara tunanin hanyar gida. Sannan ta karɓa, ta shinshina, ta ce ita dai ba ta taɓa yi masa girki ba.

Ba ta kore ni ba, amma ta sa wa kabad ɗin kwaɗo. Tun ranar, ko tsohuwar tsintsiya na gani a gidan mutane, sai na tambayi shekarunta kafin in taɓa.